Yadda Ƙanƙara Ta Lanƙwasa Gwiwar Gali

…na ce muku an buga! Wallahi an buga wayar! Tabawa, sauke tukunyar nan ki fito, shinkafa ba ta ƙonewa a minti biyu! Hansai, bar wankin nan! Maikuɗi, don girman Allah rage muryar rediyon, yau ni ne rediyo. Malam Jibrin, rufe littafin, jami'a ba za ta rushe ba don ka huta. Ku matso nan gindin tanki inda inuwa take.

A'a, kada wanda ya tambaye ni me aka ce. Kwana uku cur ina zaune a ƙofar baƙala, kantin unguwar nan, kamar buhun albasa ina jiran wayar nan, ku ma sai kun jira. Kuma rabinku baƙi ne a gidan nan. Gali dai kuka sani, dogon nan da ke fita da rigar sanyi a tsakiyar zafin Riyad kuna cewa ko ba shi da lafiya. Ba ku san ko wane ne ba. Ni na sani, ni na goya shi.

Ni Ɗanbala, shi Gali, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara tsakaninmu. Gidanmu a Haɗeja gidan fawa ne tun kakanni. Ni da ƙyar na gama firamare, ina jin hedimasta gajiya ya yi da ganina ya miƙo min takarda, na koma rumfar Baba na kama wuƙa. Shi kuwa Gali yana shekara bakwai Baba ya ɗora masa farantin tsire a ka, ya ce ya zaga unguwa. Rana ta biyu da fara tallan ya haɗu da Liman a lungu. Yaro mai tarbiyya, ya tafi ƙasa zai rusuna. Faranti ya ce ba da ni ba. Tsire duk ya zube cikin yashi, shirwa biyu suka sauko suka ɗiba, karen gidan maƙera ya ƙarasa, har tsinken bai bari ba.

Baba bai doke shi ba. Da ma dukan ya yi. Shekara guda, duk wanda ya zo sayen nama sai Baba ya ba shi labarin, ya kwaikwayi Gali, ya kwaikwayi shirwa, ya kwaikwayi karen. Tun daga nan gwiwar Gali ta kulle. Zai gaishe ka da baki mai daɗi, zai tambayi iyali da kaji, amma a tsaye ƙyam. In kuma aka matsa masa ya fara yin ƙasa, sai hannuwansa biyu su yi tsalle su koma kansa, suna tare farantin da babu shi.

Na ga bakinka yana motsi, Malam Jibrin. A sallah tana lanƙwasuwa lafiya lau. Na tambaye shi, ya ce ai a sallah ba a taɓa ɗora masa faranti ba.

Unguwa ta sa masa suna Falwaya. Ranar da dagaci ya zo kasuwa kowa ya zube, Gali kaɗai ya rage a sama kamar an dasa shi. Inna ta kai shi wurin mai ɗori, tsohon ya murza gwiwar hagu, ya murza ta dama, ya ce, "Hajiya, wannan ƙafar ta fi tawa lafiya, ciwon yana can sama."

A saba'in da huɗu na zo ƙasar nan, na samu aiki a kamfanin nama can Sulai. Bayan shekara biyu na roƙi kafil, ubangidan da ya tsaya min, ya yi wa Gali iƙama, takardar zama, ya zo. Makonsa na farko ya ga mudir, manajan kamfani, da direba sun gaisa a tsaye, ya ga yaro ya gaida tsoho a tsaye ya sumbaci goshinsa. Ya kama hannuna ya ce, "Yaya, ashe akwai ƙasar da aka yi domina." Aka ba shi turin katan-katan na kaji a tallaja. In na ce tallaja kada ku tuna ƙaramar nan ta ɗakin Maikuɗi. Ɗaki ne da mota za ta shiga ta juya, sanyinsa kuwa in ka yi atishawa sai ka ji ta faɗi ƙasa.

Shekara biyu yana zamansa lafiya, sai Huseina.

Huseina 'yar Malam Mijinyawa ce, dattijon nan Bazazzagi mai haɗa magani, wanda ya shekara ashirin a nan Riyad, unguwar Shumaisi. A nan aka haife ta, tana koyarwa a makarantar 'yan mata, Larabcinta kamar ruwa, Hausarta kamar keken da sarƙarsa ta zame. Gali ke kai musu nama duk Laraba. Ba ta ganin komai sai ta tsagar ƙofa, amma ta gaya wa matata Tabawa cewa duk masu kawo nama shi kaɗai ke tsayawa ya cire kitsen, don ya ji an ce likita ya hana Malam. Shi kuma muryarta kawai ya sani tana cewa "Min?", wato wane ne, daga bayan ƙofa, amma in ya dawo sai ya zuba gishiri a shayi.

Da ƙaramar sallar nan da ta wuce na sa babbar riga na ja shi muka je. Tun a hanya nake masa nasiha. "Gali, Malam ba Balarabe ba ne. Shekara ashirin ba ta cire masa Zariya ba. Ka yi ƙasa, ko kaɗan ne." Ya ce, "Yaya, na ji."

Muka shiga majalis, ɗakin baƙi. Na zube na gaida Malam. Gali ya zo, ya ja numfashi, gwiwa ta yi ƙas, ya sauka kamar faɗin yatsa biyu. Sai hannuwa suka yi sama, tim, a ka. Ranar sallah, a gaban dattijo, ga saurayi tsaye ya ɗora hannu biyu a ka, ido waje.

Malam ya saki carbi. "Inna lillahi! Wa ya rasu?"

Gali ya ce, "Babu kowa, Baba."

"To ni ake jira ke nan?"

Na yi bayani, na kawo Liman, na kawo shirwa, har karen na kawo. Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗanbala, kwantiragina ya ƙare. Bayan babbar sallah zan kwashe iyalina mu koma gida. Yarinya ta nuna tana so, ni ban ƙi ba. Amma ina da yayye a Zariya, ƙaraminsu ya haura saba'in. Ba zan kai musu surukin da zai tsaya a kansu ya ɗora hannu a ka ba, sai wani ya faɗi. Ya je ya gyara, ya dawo min sau ɗaya. Sau ɗaya na ce."

Wata biyu da 'yan kwanaki ke nan. In bai gyaru ba jirgi ya tashi da Huseina, shi ke nan.

Babu abin da ba mu gwada ba a ɗakin can. Na ɗaure masa hannu da rawani ta baya, ya kifa da fuska cikin kwanon miyar Tabawa. Na danna kafaɗunsa, ya ɗaga ni sama gaba ɗaya. Huseina ta aiko Tabawa da saƙo: "Ki faɗa shi, gwiwa shwayya bas, ba da yawa." Ya ji saƙon, ya shiga bayan ƙofa ya share hawaye, a tsaye.

To ga inda Allah ya ɓoye maganin. Akwai Turawan Kanada su bakwai da kamfani ya ɗauko suna harhaɗa injinan sanyi, babbansu Mista Dagulas, jajir da shi, haƙoransa biyu na gaba babu. Ɗakin sanyi na shida an gama shi amma babu kaya, jirgin ruwan da ya ɗauko kajin ya maƙale a layi a tashar ruwa. Sai mutanen nan suka jawo tiyo suka malala ruwa a daɓen, suka kunna inji. Washegari ƙasa ta zama madubi. Mudir ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce ma fi mushkila, wato babu matsala, muddin kaji ba su iso ba.

Duk Alhamis bayan azahar sai su ɗauko wasu takalma, kowanne da wuƙa a ƙasansa. Wuƙa fa, ta ƙarfe, a tsaye! Su hau kanta su yi ta shawagi da sanduna masu lanƙwasasshen kai, suna korar wani baƙin abu kamar wainar da ta ƙone. Sunan wasan hoki. Wai a garinsu yaro kafin ya iya cin tuwo ya iya wannan. Na tambayi Dagulas haƙoransa, ya nuna min baƙar wainar yana murmushi kamar wanda ke nuna hoton ɗansa.

Su bakwai ne, ba sa rabuwa daidai. Wata Alhamis Gali ya zo wucewa da kura, Dagulas ya kalle shi sama da ƙasa, ya ce, "Ta'al," wato zo nan. Suka cusa masa takalmi, suka tura shi tsakanin katan biyu ya tsare gida. Nan kam Falwaya ya yi rana. Bai motsa ba, don in ya motsa zai faɗi, waina tana zuwa tana buga shi tana komawa. Amma da aka tashi ya ce zai tako zuwa bakin ƙofa, sai ƙafafu suka yi gaba, shi ya yi baya. Ya tashi, ƙafafu suka yi baya, shi ya yi gaba. Sau goma sha ɗaya, ina tsaye ina gani.

Dagulas ya zo ya tsaya a kansa. Larabcinsa irin nawa ne, na kasuwa. Ya ce, "Ya Gali, ijlis! Kursi ma fi, lakin ijlis!" Wato ka zauna, babu kujera, amma ka zauna. Ya nuna da jikinsa: gwiwa ta fito gaba har ta rufe yatsun ƙafa, ɗuwawu ya yi baya, ƙirji a ɗage, ido yana kallon gaba. Ya ce duk wanda ya miƙe a kan ƙanƙara, ƙanƙara za ta kwantar da shi.

Na zuba masa ido. Wannan ai rusunawa ce! Baturen da bai taɓa jin sunan Zariya ba, ga shi ya rusuna kamar ɗan fada. Na ja shi gefe na ba shi labarin Huseina, rabi da baki rabi da hannu. Da na kai wurin shirwa sai da ya riƙe bango. Ya share ido ya ce, "Halas, shi ke nan. Kullum bayan aiki, awa ɗaya."

Abu na farko, ya hana shi tafiya. Gali yana ɗaga ƙafa kamar mai taka titi, shi kuwa ya ce a ƙanƙara ba a takawa, turawa ake, kuma gefe ake turawa ba baya ba, kamar kana kawar da akuya daga bakin rumfa da gefen ƙafa. Ka ture da dama, nauyinka duk ya koma hagu, ka bari ta ɗauke ka. Ka dawo da ƙafar ƙarƙashinka, ka ture da hagu. Ya ba shi kujerar ofis ya riƙe yana turawa. Kwana huɗu Gali da kujera suna zaga ɗaki na shida kamar ango da amarya. In ya miƙe, ƙasa. In ya miƙe, ƙasa. Ƙanƙara ba ta da kunya, ba ta san lallashi ba. Abin da Inna da mai ɗori da dagaci suka kasa, ta yi shi a mako guda. Gwiwa ta gaji da shan ƙasa ta sauko.

Saura hannu. Da aka karɓe kujera aka ba shi sanda, yana yin ƙasa sai hannuwa suka tashi da sandar gaba ɗaya, ya fasa ƙwan fitila. Washegari ya cire wa wani Bature hula. Dagulas ya ce dokar wasan nan, kan sanda ba ya barin ƙanƙara. Ya naɗe safar hannun Gali a jikin sandar da baƙin tef, sannan ya je ɗaki na biyu ya aro daskararriyar kaza ya ɗaure a ƙasan sandar don nauyi. Haka ƙanina ya yi mako biyu yana yawo da kaza. Da yamma a mayar da ita katan ɗinta. Ban san wanda ya ci kazar nan ba a ƙarshe, amma ta ga duniya.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, tunda Tabawa tana kallona, in ban faɗa ba ita za ta faɗa.

Wata rana Gali ya ce takalmin yana zamewa, wuƙar ta dakushe. Na karɓa na shafa da babban yatsa. Subhanallahi, bakin a shimfiɗe yake, ko tumatir ba zai yanka ba! Na ce wato Turawan nan duk iliminsu ba su iya wasa wuƙa ba. Ni da na shekara ashirin da biyar da magagari a hannu? Na kawo takalman gida ranar Juma'a, na zauna nan gindin tankin nan tun hantsi har la'asar. Na wasa gefe da gefe har baki ya zama ɗaya siriri. Na gwada a gashin hannuna, ya aske tas. Tabawa ta yanka albasa da na hagun.

Asabar Gali ya sa, ya tura ƙafa ɗaya. Takalmi ya nitse cikin ƙanƙara ya tsaya cak, Gali ya ci gaba shi kaɗai. Da ya miƙe kuma, idon sawu ya karkace nan, ya karkace can, kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Dagulas ya cire takalmin ya juya shi. Jajayen kunnuwansa suka ƙara ja.

"Min sawwa haza?" Wato wa ya yi wannan aiki.

Na fito da ƙirji na ce ni ne, kuma ba sai ya gode ba.

Ya zaunar da ni a kan katan, ya ɗauko nasa takalmin, ya sa farcena a tsakiyar bakin wuƙar. Ashe akwai ɗan kwari a tsakiya, siriri, tun daga gaba har baya. Baki biyu ne da ita, na ciki da na waje. Da na ciki ake turawa, da su biyun ake juyawa, ake tsayawa. Ni na haɗe su na mai da ita wuƙar fiɗa. Kwana uku ya yi a injin wasa ƙarfe na garejin kamfani kafin ya dawo da kwarin, wuƙar ta rage tsawo. Kwana uku daga cikin kwanakin Huseina, ni na cinye su. Gali bai yi min faɗa ba, sai dai in na zuba masa shayi ya ce, "Yaya, kofin ma ka wasa shi?"

Abin ya dame ni, na ce sai na rama. Lokacin saura tsayawa. Gali ya iya tafiya, har ya iya haɗa ƙafa kan ƙafa ya sha kwana, amma birkinsa bango ne. Dagulas yana ta nuna masa: ka ƙara yin ƙasa, ka juya ƙugu da ƙafafu gefe lokaci ɗaya, ka bar wuƙa ta kankare ƙanƙara har ta yi feshi. Gali ya ce ya gane, ya tafi, bango.

Na ce, "Mista, yaron nan ba zai tsaya don bango ba, ba ya jin kunyar bango." Washegari na zo da babbar rigata da carbi da bargo biyu. Na jera katan uku a ƙarshen fili na hau na harɗe, na ɓata rai irin na Malam. Na ce, "Gali, ni ne surukinka. Ka taho ka gaishe ni."

Karo na farko ya kwashe ni da katan da carbi, muka tafi tare har bango. Na biyu ma haka, sai dai ya ce "Barka" kafin mu tafi. Karo na tara, ina salati na rufe ido, sai na ji ƙuuu, garin ƙanƙara ya watso min a gemu. Na buɗe ido. Ga Gali a gabana, a rusune, hannu biyu a ƙasa kan sanda.

"Barka da yamma, Baba."

Na manta ni Malam ne, na rungume shi muka faɗi.

Turawa suka ce su ma sai sun yi. Daga ranar, kafin a fara wasa sai su yi layi su bakwai, kowa ya sheƙo, ya rusuna, ya watsa min ƙanƙara, ya ce "Baka da yama, Baba." Ni kuma in ce, "Yawwa, ɗan albarka, ya iyali?" Wata rana mudir ya buɗe ƙofa ya same mu a haka. Ya kalle ni a kan katan cikin bargo, ya kalli layin Turawa, ya rufe ƙofar a hankali. Har yau bai tambaya ba.

Saura mako ɗaya sallah, wasu Turawan Siwidin masu jan wayar tarho suka zo karawa. Gali ya buga, ba a gida ba, a tsakiyar fili. Bai ci ko ɗaya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma wani ƙato ya taho zai bangaje shi, Gali ya yi ƙasa irin ta gaisuwa, ƙaton ya bi ta kansa ya sauka cikin katan. Da aka tashi Dagulas ya dafa shi ya ce, "Ruh." Wato je ka. Washegari ma kajin suka iso, aka cika ɗaki na shida har rufi.

Juma'ar nan da ta wuce bayan la'asar muka shirya. Gali ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, babu sanda. In hannun ya tashi fa?" Tabawa ce ta ce, "To ku saya wa Malam sandar dogarawa mana, tsaraba. Wa zai ce don me ka riƙe ta?" Muka biya kasuwar Batha muka samo mai kyau, baƙa, mai lanƙwasasshen kai.

Abin da ba mu sani ba, gidan Malam ana ta ɗaure kaya. An naɗe dardumar majalis an kai kago, wurin masu aika kaya gida. Hajiya Salamatu, matar Malam, ta sa an wanke daɓen da sabulu don a miƙa wa mai gida, bai gama bushewa ba. Irin daɓen nan ne mai sheƙi. Malam yana can ƙarshen ɗaki a kan kujera ɗaya da ta rage, ga tiren shayi a gefe. Mu kuma muka cire takalma a waje. Gali da safar nailan, don tun da ya fara aikin tallaja ba ya rabuwa da safa.

Ya yi sallama, ya sa ƙafar dama. Ƙafa ta tafi.

Na ce shi ke nan, Huseina sai a Zariya. Amma jikin nan da ya sha ƙasa wata biyu bai tsaya tambayar kowa ba. Gwiwa ta fito, ɗuwawu ya yi baya, hannu biyu suka danne sanda a ƙasa. Har wata 'yar turawa ya ƙara da hagu, ina gani. Ya tafi suuu, tun daga bakin ƙofa, a rusune, rigarsa tana kaɗawa. Malam ya ɗage ƙafafunsa sama. Saura taki ɗaya Gali ya juya ƙugu gefe, safa ta yi ƙiii, ya tsaya daidai gaban kujera. Ɗan kumfan sabulu ya fantsama kan yatsun Malam.

"Barka da yamma, Baba." Ya miƙa sandar da hannu biyu.

Ni kuma murna ta ɗebe ni, na manta ban taɓa koyon komai ba sai zama a kan katan. Na taka da ƙarfi. Ban san yadda aka yi ba, na ga rufin ɗaki, na ji bayana ya bugi ƙasa, na wuce Gali, na wuce Malam, na shiga tiren shayi. Daga bayan labule na ji wata ta ce "Ya wailii!" sannan aka toshe baki ana dariya. Na san muryar, mai cewa "Min?" ce.

Malam ya sauke ƙafafunsa. Ya karɓi sanda, ya juya ta, ya ce, "Tashi, yaro."

Gali ya ce, "Nan ma ya yi, Baba."

Malam ya sake cewa ya tashi. Ya ce a'a wallahi, nan ya fi masa. Gaskiyar magana, in ya miƙe faɗuwa zai yi, ya sani, na sani. Haka ya zauna a rusune har aka sake dafa wani shayin, aka sha, aka yi hirar tsadar raguna, aka kusa kiran magariba. Malam yana satar kallonsa ta saman tabarau. A ƙarshe bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce, "Ku gaida gida. Zan kira baƙalar unguwarku." Muka fita da baya, Gali a rusune, ni da rarrafe.

Asabar shiru. Lahadi wayar ta yi ƙara sau biyu, duk masu neman gas ne. Gali ya daina cin abinci, yau da safe ya tafi aiki da takalmi ƙafa daban-daban. Ni ko aikin ban je ba. Ɗazu ina zaune ina korar ƙuda, sai Bayamanen baƙala ya leƙo ya ce, "Ya Ɗanbala, talifon!" Na tashi na ture kwalin madara, na kama wayar da hannu biyu, har na rusuna mata.

"Salamu alaikum. Ɗanbala ne?"

"Ni ne, Allah ya gafarta Malam."

"Ya bayan naka?"

"Da sauƙi, Malam."

"To madalla. Na kira yayana a Zariya na ba shi labari. Ya ce shekararsa saba'in da takwas, bai taɓa jin yaron da ya fara rusunawa tun daga bakin ƙofa ba, aka ce ya tashi sau biyu ya ƙi. Ya ce kada in bari ya kuɓuce. Ka gaya wa ƙaninka na ba shi Huseina. A ɗaura kafin mu tashi, jibin sallah."

"Alhamdu lillahi! Malam, Allah ya ƙara girma, Allah ya…"

"Tsaya, ban gama ba. Yarinyar ta gaya min komai, har da kazar. Ka ce wa Baturen nan mai giɓi ya zo ɗaurin aure, ina so in ga malamin da ya fi mai ɗori."

"Zai zo, Malam, su bakwai ne, duk sun iya gaisuwa."

"To. Kai kuma, Ɗanbala."

"Na'am, Malam?"

"Ranar, daga waje za ka zauna. Kofuna huɗu suka rage mana."